Hannu Ɗaya Ba Ya Haɗa Gado

A zamanin dā, mutanen ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gadon ƙasa suke ginawa a cikin ɗaki, ko kuwa su ɗaure na kara. Daga baya aka sami gadon ƙarfe, sa'an nan na katako. Yanzu idan za a aurar da yarinya, iyayenta sukan tara kuɗi wata da watanni, su sayo mata gado wurin kafintocin garinsu, ko na Funtuwa, ko na Malumfashi.

To, gado babban abu ne. Ba ya shiga mota a haɗe, balle ya wuce ta ƙofar zaure. Saboda haka kafinta yakan yi shi gunduwa-gunduwa: allon kai, da allon ƙafa, da dogayen katakai biyu na gefe, da ƙanana waɗanda ake jerawa a ɗora katifa. A haka ake ɗaure su a kan mota, a bi da su ta Ɗandume zuwa Sabuwa, ko ta Sheme zuwa Ƙanƙara. Sai ranar jere a haɗa su a ɗakin amarya.

Ba ƙasarmu kaɗai ake wannan dabara ba. A ƙasar Suwidin akwai wani kamfanin kayan ɗaki mai suna IKEA, wanda aka kafa a shekarar 1943. An ce a 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun tebur don ya shiga mota. Daga nan kamfanin ya shahara da sayar da kaya a kwance cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa.

Haɗa gado aikin mutum biyu ne, domin allon kai ba ya tsayawa da kansa. Dole ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaure. Ga yadda wa da ƙane masu hankali suke yi.

Da farko sukan share ɗaki, su shimfiɗa tabarma, su jera katakan duka a kai. Sa'an nan su ƙirga notuna, su zuba su cikin kwano, don kada ɗaya ya faɗa ƙasa ya ɓace. Gado mai kusurwa huɗu, in kowace kusurwa tana cin noti biyu, notinsa takwas ke nan. In bakwai suka samu, ba su fara aiki sai sun nemo na takwas.

Bayan haka ƙanen ya tsai da allon kai, ya riƙe shi da hannu biyu. Wan ya kawo katakon gefe, ya daidaita huda da huda, ya zura noti. Amma ba ya ɗaure shi tam. Yakan murza kaɗan ya bari, har sai kusurwoyi huɗu sun haɗu. Dalili kuwa, in aka ƙulle kusurwa ɗaya tun da wuri, sai gadon ya karkace, sauran hudojin su ƙi haɗuwa. Mai gaggawa a nan yakan ɗauki guduma ya buga, katako ya tsage, kuɗin mutane ya tafi a banza. Sai komai ya zauna daidai, sa'an nan a bi notunan da sufana ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi sufana amfani, shi ne magana mai daɗi. Mai riƙo yana ganin abin da mai ɗauri ba ya gani. In ƙanen ya ce, "Yaya, gefen nan ya fi wancan tsawo," wan ba ya ce masa, "Me ka sani?" Sai ya dakata ya duba. In kuwa hannun ƙanen ya gaji, ba ya sakin allo shiru, sai ya faɗa tukuna. Allon da aka saki ba labari yana iya faɗa wa mutum a ƙafa, ko ya danne yaro ƙarami.

Idan sun gama, sukan girgiza gadon su ji ko yana motsi, kafin a ɗora katifa. Gadon da aka haɗa da haƙuri yakan yi shekaru ba ya ko ƙara. Gaskiyar Hausawa da suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Don me kafinta yake yin gado gunduwa-gunduwa?
2. Me ya sa ba a ɗaure noti na farko tam?
3. Mene ne aikin mai riƙo?
4. Kawo waɗansu ayyuka uku da mutum ɗaya ba ya iya yi shi kaɗai.