Ɗana, kafin ku hau jirgin nan

Ɗana, labari ya iso mu nan cikin birni cewa kai da abokan karatunka za ku yi hayar siririn jirgin ruwa, ku wuni a kan hanyar ruwan da ta fita daga Birmingham ta nufi Worcester. Ban hana ka ba, na ma ji daɗi, don ni ma na bi ta zamanin da aka tura mu kwas Ingila. Sai dai Bazazzagi ba ɗan ruwa ba ne. Kubanni da Galma muka sani, su ma daga gaɓa. Don haka ka ba ni aron kunnenka.

Hanyar nan mutane ne suka haƙa ta da hannu, aka buɗe ta a 1815. Tun a 1761 Turawa suka ga amfanin irinta, da aka haƙa ta Bridgewater don kai kwal Manchesta, farashinsa ya faɗi da kusan rabi. Doki guda ke tafiya a gefe yana jan jirgin da ke ɗauke da kayan da dawakai da yawa ba za su ja a ƙasa ba. Jirgin bai kai ƙafa 7 a faɗi ba, tsawonsa kuwa yana kaiwa ƙafa 70, kuma a ɗan ɗakin da ke bayansa magidanci da matarsa da 'ya'yansa suke kwana suna tashi. Jirgin ƙasa ne ya zo ya karɓe musu sana'a. In ka ga turbar dokin a gefe, ka tuna da su, talakawa ne masu neman halal.

Da safe ba za ku sha wuya ba. Daga Gas Street a Birmingham za ku wuce ta gefen jami'a, ku wuce kamfanin cakulan na Cadbury a Bournville, ruwa shimfiɗe ba hawa ba gangara. Doka ba ta yarda a wuce mil 4 a awa ba, wato mai sauri a ƙafa zai iya jerawa da ku. Kada ka ƙosa. In kun zo kusa da jiragen da aka ɗaure a gefe, ku rage wuta sosai, domin wasunsu gidajen mutane ne, igiyar ruwan da kuka tayar za ta kifar musu da tukunya. Akwai ramin Wast Hills da ya ratsa ƙarƙashin tudu, wajen mil ɗaya da rabi, duhu ƙirin, ruwa na ɗiga a ka. Ku kunna fitila, kowa ya janye hannunsa ciki.

Aikin yana Tardebigge. Nan ƙasa ta gangara ƙafa 220 cikin mil biyu da 'yan kai, aka yi wa ruwan matakala 30, kowace ɗaki ne na bulo mai ƙofa sama da ƙasa. Jirgi zai shiga ɗakin yana cike, a rufe ƙofar baya, a sa hannun ƙarfe a murɗa a ɗaga marufan da ke ƙofar gaba, ruwa ya zurare, jirgi ya yi ta nitsewa tsakanin bango biyu masu gansakuka. Ƙofar gaba ba za ta motsa ba sai ruwan ciki ya daidaita da na waje. Ko ku taru ku goma kuna turawa, wahalar banza ce, alhali in lokacin ya yi, yaro ma zai jingina bayansa da gungumen ƙofar ya buɗe ta.

Ka kula da farin layin da aka shafa a bakin bango. A ƙarƙashinsa akwai dakalin dutse, in gindin jirgi ya hau kansa ruwa na sauka, hancin zai nutse cikin ƙiftawar ido. Ka tsare jirgin gaba da layin. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka ɗaga murya a rufe marufan duka, sannan a yi shawara. Kada a ɗaure igiya tamau ana sauka, kada kuma a saki hannun ƙarfen a jikin marufi, yakan juyo da ƙarfi ya fasa baki. Ka nemi rigar ruwa ka sa, ko abokanka sun yi dariya. Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, da gidajen da aka yi ta zaman makoki. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Duk jirgin da ya sauka yakan tafi da ruwa cikin ɗaki guda daga saman tudu, kuma tafkunan da ke ciyar da hanyar suna da iyaka. Ka san yadda ake ban ruwa a lambunan bakin Galma, wanda ya bar bakin kwami a buɗe ya tafi, maƙwabcinsa ne zai kwana da ƙishin albasa. To haka nan. In kun fita, ka waiwaya ka tabbata ƙofa a rufe take, marufai sun sauka, sai fa in ga wani jirgin yana tahowa, sai ka bar masa a buɗe. In kun tarar ɗakin ya dace da mai hawowa, kuma kun hango shi, ku jira shi ko da kun riga shi isowa. Wanda zai amfana da wannan ba ka san shi ba, ba zai ma san sunanka ba, kuma haƙƙinsa na wuyanka. Za ka ga dattawa 'yan sa-kai na hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kula da wajen mil 2,000 na hanyoyin nan a 2012. Ka gaishe su da ladabi, ka bi abin da suka ce.

Matakala talatin ba aikin yamma ba ne, sukan ci awoyi, kuma babu wurin kwana mai kyau a tsakaninsu. In la'asar ta same ku a sama, ku ɗaure jirgi ko ku juya. Ka yi guzurin ruwan alwala, na hanyar ba shi da tsabta. Jirgi na bin kwana-kwana, alƙibla na sauyawa, gara ku tsaya ka sauka ka yi sallarka a kan ciyawa. Gidajen giya suna da yawa a bakin ruwan, abokanka za su so tsayawa. Ka ci abincinka na halal, ka yi musu fara'a, amma kada ka miƙa sandar tuƙi ga wanda ya sha. Addu'ar hawa jirgi da aka koya maka a makarantar allo, ka karanta ta kafin a kwance igiya.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.