Taliya da Wake: Girkin Italiya a Ma'aunin Girkin Kabi

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba wani abinci da mutanen Italiya ke kira pasta e fagioli, watau taliya da wake, a gwama shi da wanda ake dafawa a Augie da sauran ƙasar Argungu. Dalili kuwa, akwai masu ɗaukar duk girkin da taliya ta shiga baƙo ne, alhali tarihin waken da ke cikin tukunyar bai goyi bayansu ba.

Ga yadda suke yin nasu. Akan jiƙa busasshen wake ya kwana. Kashegari a soya albasa da tafarnuwa da karas cikin man zaitun, a zuba tumatir, sannan waken da ruwa. In ya nuna, sai a ɗebi wani kashi a murƙushe shi a mayar cikin tukunya. Daga nan ne ake zuba gajeriyar taliya ta dahu cikin romon, ana juyawa don kada ta kama. A wasu yankunan sukan jefa fatar alade, wadda Musulmi zai bari ba tare da girkin ya lalace ba.

A nan ne muka sha bamban da su. Mu mukan dafa, mu tsame, mu zubar da ruwan, a ci da mai da yaji. Su kuwa ruwan nan shi ne abincin, domin garin da taliya ke saki da murƙusasshen wake su ke ba shi kauri. Har ila yau, jiƙon da suke yi yana sauke nauyin da muka ɗora wa kanwa. Kanwa tana saurin nunar da wake, amma tana kashe wani sashe na bitamin B1. A ganina, a wannan gaɓar tasu dabarar ta fi.

To, wane wake? Irin da suka fi sawa yau, borlotti da cannellini, daga nahiyar Amurka suka isa Turai, bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Kafin nan, waken da Rumawa da magadansu suka sani shi ne mai ɗigon baƙi a ido, wanda Italiyawa ke kira fagiolo dall'occhio. Wannan kuwa namu ne, ɗan Afirka, irin wanda manomin Augie ke shukawa a tudu tsakanin kunyoyin gero. Har yanzu Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa nomansa.

Ita kanta taliyar, ba Italiyawa kaɗai ke da hannu a cikinta ba. A littafin da ya kammala a 1154, Al-Idrisi ya ambaci garin Tarabiya na tsibirin Sisili, inda ake yin wani abincin garin alkama mai kama da zare, mai suna itriya, ana fitar da shi zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Saboda haka mai nazarin kalmomin aro yana da aiki a gabansa: sunan Italiya ne ya zama taliya a bakin Bahaushe, ko kuwa itriya ta Larabci ce? Ko wanne aka ɗauka, hanyar da ta fi kusa da hankali ita ce ta fataken Tarabulus da Gadamas masu saukowa Kano. Mai son rarrabewa sai ya bincika ko kalmar ta riga 1911, shekarar da Italiya ta kama Tarabulus.