Nasiha ga Matasan 'Yankara: Ku Zauna da Masu Sulhu da Mawaƙa Tun Suna Raye

'Ya'yana da jikokina, na 'Yankara da Sheme da Daudawa, da 'yan'uwanku na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. 

Da yawanku kun yi wayo ne a lokacin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama abin fargaba, direba na duban rana yana lissafin ko zai wuce kafin magariba. Ba ku san zamanin da mutum zai kwana a gonarsa yana gadin masara, ba abin da yake tsoro sai biri da ɓarawon zangarniya ba. Shi ya sa idan tsoho irina ya ce muku an taɓa zaman lafiya a ƙasar nan, sai ku ji kamar tatsuniya yake yi. Ban ga laifinku ba. Roƙona gare ku guda ne: akwai mutane iri biyu da nake so ku nema, ku durƙusa ku gaishe su, ku yi doguwar hira da su. Na farko su ne waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen sasanta mutane. Na biyu kuwa masu fasahar baki ne, mawaƙa da makaɗa da marubuta da masu wasan kwaikwayo.

Bari in fara da masu sulhu, don a kansu ne zukatanku suka fi yin sanyi. Kun ga abin da ya faru. A watan Satumba na 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya bi ƙananan hukumomin bakin daji ya zauna da masu riƙe da bindiga, aka yi alkawura, aka saki mutane daga ɓangarorin biyu. Shekara ba ta zagayo ba sai da gwamnan da bakinsa ya ce an ci amana. A watan Yuni na 2020 aka yi kisan Kadisau a nan Faskari. A ranar 11 ga Disamba na 2020 ɗin dai aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka dawo da su, su 344. A 2021 aka yanke mana layukan waya, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni, mai ɗan awakinsa ya rasa inda zai sayar ya sayi hatsi. A 2025 kuma aka sake zaman sulhu a garuruwa da dama, har da namu. To yaron da ya ga duk wannan, in ya ji an ce sulhu ya taɓe baki, wa zai zarge shi?

Sai dai ku bambance taron sulhu da aikin sulhu. Taro yini guda ne: a kafa rumfa, a yi jawabai, a ɗauki hoto, a watse. Aikin kuwa ba ya da rumfa, kuma ba kasafai ake sanin sunan mai yin sa ba. Da can, in shanu suka shiga gonar mutum, kafin rana ta faɗi mai unguwa da arɗo da sarkin noma sun je sun ga ɓarnar da idonsu, sun ƙiyasta, an biya, liman ya shafa fatiha. Ba a barin magana ta kwana, don an san in ta kwana ta yi tsami. Bayan girbi manomi da kansa ke zuwa ruga ya roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki. Matan ruga su shigo gari da nono da man shanu, su koma da dawa da gishiri, kowace tana da gidan ƙawarta inda take ajiye ƙwarya ta yi sallar azahar. Waɗanda suka riƙe wannan zama suna nan, kaɗan daga cikinsu, sun tsufa. Sun san inda kowane burtali ya bi kafin a cinye shi da gona, sun san mashayar da aka toshe, sun san shekarar da aka fara kai ƙarar saniya wurin hukuma a dawo an rasa saniyar da kuɗin. Sun ga yadda satar shanu ta yi ƙamari, da yadda aka fara kashe mutum a kasuwa ba shari'a, don kawai kamanninsa. Faɗin haka ba wanke mai kisa da garkuwa da mutane ba ne, laifinsa yana wuyansa har gaban Allah. Amma wanda bai san inda igiya ta fara warwarewa ba, ba zai iya tufka ta ba.

Akwai mutum biyu a Kaduna da nake so kowane matashi ya san labarinsu, Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992 kowannensu jagoran matasa ne a nasa ɓangaren, kuma ba da baki suka yi faɗan ba. Faston ya rasa hannunsa na dama. Limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa hannuwansu a wurin wani taro, ya ce su yi magana. Kada ku ɗauka daga ranar suka zama aminai. Su da kansu sun sha faɗi a hirarrakinsu cewa an daɗe kowa na zargin ɗan'uwansa. Limamin ya ce wata huɗubar Juma'a kan yafiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga mutanen Ɗa'ifa da suka jefe shi, ita ta karya masa zuciya. Faston kuma bai ɓoye ba cewa ya yi shekaru suna tafiya tare, suna kwana masauki ɗaya, zuciyarsa na raya masa ya rama. Wannan wurin nake so ku tsaya a kai. Mutumin yana aikin sulhu alhali ciwon bai warke ba. Bai jira sai ya daina jin zafi sannan ya fara ba, aikin ne ya riƙa rage zafin a hankali. Daga baya suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, suka taimaka shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002, suka yi aiki tsakanin mutanen Yelwa da Shendam a Filato, har Kenya aka gayyace su bayan rikicin zaɓen 2007. Shekara talatin ke nan suna abu guda, kuma ba a daina rikici a Kaduna don su ba. Sun dai hana wasu kaburbura da ba wanda zai iya ƙirgawa.

Haka Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi. A watan Yuni na 2018, yana dattijo mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Ba ya da bindiga. Mutuncin da ya tara a garin shekara da shekaru shi ya tsaya da shi a bakin ƙofar nan.

Kada kuma wani ya ce muku son zaman lafiya shi ne kame baki a kan zalunci. Suratul Hujurati da ta umarce mu da sasanta 'yan'uwa, ita ce ta gindaya cewa a yi shi da adalci, kuma ita ce ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU tun daga 1950 ba su ɗauki makami ba, amma ba su bar hakimi ko baturen mulki ya sha ruwa da daɗi ba a kan haraji da jangali da aikin tilas. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta sau 16, an yi mata duka, an aske mata kai, saboda ta ce mace ma mutum ce mai ra'ayi. Ta shiga gwagwarmaya tana 'yar shekara goma sha bakwai, matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979. Ku lissafa tsawon jiran da kanku, ku 'yan zamani da kuke so a shuka da safe a girbe da yamma.

To ina ruwan mawaƙi a wannan magana? Ruwansa har wuya. Malam Aminu kansa wasannin kwaikwayo ya riƙa rubutawa yana nuna wa talaka halin da yake ciki, kuma abokinsa Malam Sa'adu Zungur da waƙa ya farkar da Arewa kafin rasuwarsa a 1958. Tun kafin su, Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙoƙi ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Mu nan ba sai mun yi nisa ba. Funtuwa ce mazaunin Alhaji Mamman Shata har ya rasu a 1999, mutumin da in ya yaba maka ka yi barci, in ya saɓa maka ko kai wane ne sai ka nemi sulhu. A Funtuwa ɗin dai Hajiya Barmani Choge ta zauna har 2013, da ƙwaryarta ta amada tana zaburar da matan kulle su kama sana'a, su daina zaman jiran a ba su. Ni a ganina abin da ta shigar cikin gidajen ƙasar nan ya fi na tarurrukan wayar da kai da yawa, don ita ba ta buƙatar izinin maigida kafin muryarta ta shiga tsakar gida. Ɗanmaraya Jos kuma da ɗan kuntiginsa ya ɗauki karen mota, wanda kowa ke yi wa tsawa a tasha, ya sa aka dube shi da idon mutunci.

Amma harshen da ke kashe wuta shi ke hura ta. Makaɗi na iya zuga yaro da kirari har ya je ya aikata abin da zai yi nadamarsa. A 2008 kotun duniya da ke Arusha ta yanke wa wani shahararren mawaƙin Ruwanda, Simon Bikindi, ɗaurin shekara 15 saboda tunzura jama'a a lokacin kisan ƙare dangi na 1994. Yau kowannenku da ke riƙe da waya maroƙi ne, sanƙira ne, gidan rediyo ne. Ina jin waƙoƙin da ake yi wa masu bindiga ana koɗa su, ina kuma jin waɗanda ake yi ana zagin ƙabila sukutum. Duka biyun guba ne. Tsofaffin mawaƙanmu sun iya zambo, sun iya habaici mai ratsa ƙashi, amma mai laifi suke nufa da halinsa. Bafulatanin da aka kwashe wa garke ya dawo gari yana dako, shi ma wanda aka zalunta ne, kuma yana jin abin da kuke rerawa.

Ga yadda za ku yi hirar, tunda na lura wasunku sun iya tambayar intanet amma ba su iya tambayar tsoho ba. Ku je bayan la'asar, ku riƙe ɗan goro, ku cire takalmi, ku gaisa har gaisuwa ta ƙare. Kada ku fara da tambayar wa ke da laifi, zai ɗauka tarko ne ya yi shiru. Ku tambaye shi rigimar farko da ya taɓa sasantawa, wa ya fara zuwa wurinsa, me ya ce masa, me ya ɓoye bai faɗa wa ɗaya ɓangaren ba. Ku tambaye shi wadda ta gagare shi, domin a nan karatun yake. In makaɗi ne, ku tambaye shi waƙar da aka ba shi kuɗi ya yi ya ƙi, da dalilinsa. In ya kauce ya shiga labarin farashin auduga a zamanin Sardauna, ku ƙyale shi, zai dawo. Ku 'yan mata, ku shiga wurin iyayenmu mata, unguwarzoma da tsofaffin masu kitso da masu amada. Aure nawa suka ɗinke, gaba nawa suka kashe tsakanin gidaje, ba a taɓa kiran su taro ba. Kuma kada ku tsaya kan Hausawa kaɗai. Ku nemi dattijon Bafulatani, ku ji yadda labarin yake daga bakinsa, ko da zai yi muku ɗaci.

In ya yarda, ku naɗi muryarsa a waya, ku rubuta a littafi, ku ajiye. Amma ku yi hattara, lokacin yana da kunnuwa. Kada ku ɗora sunan dattijo ko hotonsa a Facebook ko TikTok kan maganar da za ta jawo masa masifa. Kuma ban aike ku daji ba. Shiga tsakanin masu bindiga aikin manya ne da hukuma, masu sanin hanya da nauyin alkawari. Naku fagen shi ne majalisar shayi, filin ƙwallo, layin 'yan acaɓa, makarantar dare, inda ƙaramar magana ke zama babba in ba a sami mai cewa a yi haƙuri ba. A irin waɗannan wurare ake koyon aikin sulhu.

'Ya'yana, kowace shekara muna raka waɗannan dattawa makwanci ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke cikin kansu ba a rubuce yake ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku zaɓi mafi tsufa a unguwarku, namiji ko mace, ku je masa a makon nan. Allah ya ba ku kunnen saurare, ya dawo mana da lafiya a 'Yankara da kewayenta.