Yadda ake rubuta maƙama da lambobi

Malam Habibu daga Damagaram yana tambaya: shin ana iya rubuta sautin waƙar Larabawa da lissafi?

To Malam Habibu, ana iyawa. Ɗauki sauti tamkar tsani. Turawa sun raba tsaninsu gida 12, masanan Larabawa kuwa gida 24, rabon da aka tafka muhawara a kansa a taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932. Kowace maƙama, wato salon jera sauti, da irin takunta a kan tsanin nan. Maƙamar Rast tana farawa da takun gida 4, 3, 3. Fara daga matakinta na biyu, sai ka ji 3, 3, 4, wato farkon maƙamar Bayati, wadda alarammomin Masar kan buɗe karatu da ita. Lambobin nan kusantarwa kawai suke yi, Malam. Ka nemi malami, ka saurari maƙamar daga bakinsa.