Yadda Ake Zana Tambari a Jikin Wuƙa da Ruwan Gishiri da Lantarki

Sanya tambari a jikin wuƙa tsohuwar al'ada ce. A birnin Sheffield na Ingila an kafa ƙungiyar maƙeran wuƙaƙe tun 1624, kuma rajistar tambarin kowane maƙeri na cikin ayyukanta. Hoton tagwaye da ke jikin wuƙaƙen Zwilling na garin Solingen a Jamus kuwa an yi masa rajista a 1731. Dalilin bai canza ba: wuƙar da ba ta da alama, ko ta fi kowace kaifi, mai saye ba zai san wurin wanda zai koma ba.

Hanyar da aka saba ita ce buga hatimi da guduma tun ƙarfen yana da zafi. Matsalarta ita ce dole a yi kafin a gasa wuƙar a tsoma ta a mai ko ruwa don ta yi tauri, kuma wurin da aka buga na iya lanƙwasa ta ko ya zama mafarin tsagewa. Bayan ta yi tauri kuwa, hatimin ne zai lalace, ko wuƙar ta fashe. Zane da lantarki ba shi da wannan haɗari, domin a ƙarshen aiki ake yin sa, ba duka ba zafi.

Yadda abin yake aiki

Ruwan gishiri yana wuce da lantarki. Idan aka maƙala jar waya (+) a jikin wuƙa, aka ɗaura baƙar waya (−) a dunƙulen auduga da aka jiƙa da ruwan gishiri, duk inda audugar ta taɓa, ƙwayoyin ƙarfen wurin za su narke su shiga ruwan. Shi ya sa audugar ke yin datti tana komawa ruwan ƙasa. Inda aka rufe kuma ba abin da zai same shi. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure: idan aka juya wayoyin, za a ga kumfa na tashi kamar aiki na tafiya, amma a ɗaga a tarar wuƙar ba ta ci ba.

Irin wutar ma tana da tasiri. Wutar DC, wato irin ta batir ko adafta, ita ke haƙa ramin zanen. Wutar AC mai ƙaramin ƙarfi ba ta haƙa sosai, sai dai ta baƙanta wurin. Don haka injinan da ake sayarwa domin wannan aiki suke da maɓallin sauyawa tsakanin biyun: a fara da DC don zurfi, a ƙarasa da AC don launi. AC ɗin daga taransifoma mai rage wuta zuwa kamar bolt 12 ake ɗaukar ta. Wutar soket kai tsaye tana kisa, kada a ko gwada.

Kayan aiki da matakai

Adafta mai bolt 9 zuwa 12 ta wadatar. Cajar waya mai bolt 5 ma tana yi, sai dai da jinkiri. Batirin mota yana da ƙarfin da ya wuce bukata, kuma idan wayoyin suka haɗu zai yi tartsatsi mai ƙuna; wanda ba shi da wani sai shi, ya sa ƙwan fitilar mota a kan layin wayar don ya rage ƙarfin. Sauran kayan su ne ƙaramin cokali na gishiri a rabin kofin ruwa, auduga, salatif da sifirit.

Babban aikin yana ga abin rufewa, domin kyawun tambari daga nan yake fitowa. Mafi sauƙi shi ne shafa jan farce, a bari ya bushe, a kankare zanen da allura, amma da wuya wuƙa biyu su fito iri ɗaya. Mai son tambarinsa ya riƙa fita daidai gara ya kai zanen wurin masu yanka sitika da kwamfuta. A guji haruffa ƙanana ƙwarai, domin tsakiyar harafi irin "a" ko "o" kan ɓamɓare ruwa ya shige ƙarƙashi.

Ana goge wuƙar da sifirit har sai babu maiƙo, ko na yatsa. A liƙa sitikar kusa da ƙota, nesa da kaifi, a danne gefunanta da farce, a rufe kewayen da salatif. Audugar ta kasance da danshi kawai, kada ta riƙa ɗiga. A dangwala na daƙiƙa uku zuwa biyar, a ɗaga, a sake. Barin ta wuri guda yana tara zafi, zafin ya saki gam ɗin sitikar, gefen zanen ya ci. Idan audugar ta yi baƙi a canza ta. Yawan dangwalawar ya danganta da irin ƙarfen da wutar, don haka a fara gwadawa a guntun ƙarfe irin na wuƙar. Ramin da aka haƙa ba ya cikewa, gyaransa sai an wasa fuskar wuƙar gaba ɗaya.

Kariya

Kumfar da ke tashi iskar haidirojin ce, mai kama wuta, kuma ruwan gishiri na iya fitar da ɗan kulorin. A yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wutar maƙera. Ƙarfe marar tsatsa yana sakin sinadarin kuromiyom a cikin ruwan, wanda ke cutarwa, saboda haka a sa safar hannu, kuma kada a zubar da ruwan kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Da an cire sitikar a wanke wuƙar da ruwan da aka zuba wa bekin soda, a ɗauraye, a busar, a shafa mai nan take. Gishirin da ya maƙale a ramin zanen yana iya sa wuƙar baƙin ƙarfe ta yi tsatsa kafin wayewar gari.