Amsoshin Tambayoyinku: Tallafi ga Mata Masu Karatun Injiniya

Wata mai sauraronmu daga Na'ibawa a Kano, ɗaliba a Jami'ar Bayero, tana tambaya: ina 'ya mace mai karatun injiniya za ta samu tallafin karatu da jagora?

To 'yar'uwa, mun gode. Tallafin karatu akwai shi. Hukumar PTDF da Gidauniyar MTN suna tallafa wa ɗaliban kimiyya da injiniya, amma sai mai sakamako mai kyau. Ki kuma leƙa Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kano.

Jagora kuwa, ki nemi APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya. Idan lokacin horon masana'antu ya zo, ki nemi gurbi a masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai, ki riƙa tambayar ƙwararru. Allah ya ba da sa'a.