Shawara Ga Mata Masu Fama Da Ɗigar Fitsari

'Yar'uwa mai saye da sayarwa a Babbar Kasuwar Katsina, idan fitsari yana kufce miki lokacin tari, atishawa ko ɗaga buhu, kada kunya ta sa ki yi shiru. Tsokokin ƙasan mara ne suka saki, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Haihuwa kusa da kusa, doguwar naƙuda, ɗaukar kaya mai nauyi da yunƙurin bayan gida mai tauri duk suna raunana su.

Ana ƙarfafa su da motsa jikin da likita Arnold Kegel na Amurka ya bayyana a 1948. Ki matse gabanki da duburarki kamar mai riƙe iska, ki ƙirga zuwa biyar, ki saki. Kada ki ɗauke numfashi ko ki matse cinya. Ki yi sau 10, safe da rana da dare, wata 3 a jere. Kina zaune a rumfa ma za ki iya, ba mai sani. Kada ki riƙa yi lokacin da kike fitsari.

Idan babu sauƙi, ko kina jin wani abu yana saukowa ta gaba, ki je sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba ki. Fitsarin da ke zuba dare da rana bayan naƙuda mai wahala kuwa yoyon fitsari ne, aiki yake buƙata: ki nufi asibitin Babbar Ruga. Ki guji cusa magungunan matsi, suna iya ƙona gaba.